Kamiyon da Azara Ta Karanta

Azara ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, kuma duk shekarun da ta yi tana share mini shago ban taɓa jin ta yi kukan hakan ba. In takarda ta faɗi ƙasa sai ta ɗauka ta ɗora a tebur, a kife ko a miƙe duk ɗaya ne a wurinta. Ni kuwa, da ƴar takardar birbe ɗina ta gama ƙaramar sakandare da wata shida na koyon kwamfuta a Maraɗi, na ɗauka ni kaɗai ne mai karatu a shagon nan. Shekara huɗu na yi ina wannan wauta.

Sunana Abdulhakim, ina da shagon buga takardu a bakin kasuwar Dakoro. Mai neman aiki, mai kai ƙara, mai son fotokopin katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, duk nan suke zuwa su zauna mini a benci su cika ni da surutu. Azara takan riga su isowa, da tsintsiyarta a hammata. Doguwa ce siririya, kullum cikin baƙin zane, kuma ba ta ɓarnar magana. In na tsokane ta na ce, “Inna, yau ma kin bar mani ƙasa cikin lungu,” sai ta ce, “Ƙasar ta riga ka zowa garin ga.” Hirar ranar ke nan ta ƙare.

Tarihinta a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan, wani daga bakinta, wani daga bakin surukarta. An haife ta a arewa, wajen Gadabeji, cikin Buzaye makiyaya. Ta tashi a bayan raƙuma da awaki, ta iya tatsa, ta iya cuku, ta iya kwance bukkar tabarma ta ɗaure ta a kan jaki kafin rana ta ɗaga. Aka yi mata aure da wani Ahmed, mutum mai rufin asiri da garkensa. Ɗanta na fari yana goye aka yi farin nan na shekarar tamanin da huɗu. Ta ce da farko suna ƙirga dabbobin da suke bari a hanya, daga baya suka bar ƙirgawa. Da jaki ɗaya suka iso Rumbu.

A can wani manomi ya ara musu gona. Ahmed ya koyi noma da gemunsa, ƴan gari suna dariyar yadda yake riƙe hauya kamar sandar kiwo. Ta haifi huɗu bayan na farin. Uku ba su kai yaye ba, ta huɗun ƙyanda ta ɗauke ta tana da shekara biyar. Da mai gonar ya rasu, magadansa suka karɓi abinsu, sai suka tattaro suka dawo Dakoro. Ahmed ya riƙa tsayawa a kasuwar dabbobi yana riƙe wa dillalai raƙuman wasu mutane, har tari ya kwantar da shi ya tafi. Azara ta koma saƙar tabarma da shara. Duk abin da aka ba ta a duniya an karɓe, saura ɗa ɗaya tilo.

Da yake ta daɗe cikin Hausawa, ta ɗauki kunyar ɗan fari har ta fi mu masu abin. Ba ta faɗin sunansa. “Wancan” take ce masa, bayan ya yi aure ya haihu kuma ya koma “uban Haula”. Sunansa Mamani.

Mamani ya yi faɗi-tashi irin na kowa, yau lodi a tasha, gobe kwaɓa ƙasar gini. Da labarin zinariyar Jado ya ɓarke, samarin Dakoro suka yi ta tafiya kamar an yi musu kiranye. Waɗanda suka dawo da sabon babur aka yi ta nuna su da yatsa. Waɗanda ba su dawo ba babu mai nuna su, don babu abin nunawa. Bayan girbin 2016 ya bar matarsa Suwaiba da ƴarsu Haula a hannun uwarsa, ya hau mota. Ya kira daga Agadas. Ya kira daga Dirku, ya ce gobe za su shiga kamiyo, babbar motar kaya, rezon waya zai yanke na kwana biyu, kada hankalin kowa ya tashi. Ba a sake jin muryarsa ba.

An yi cigiya har an gaji. Wani ya ce ya gan shi a Libiya, wani ya ce kamiyonsu ya lalace a tsakiyar hamadar Tenere, wani ya rantse yana kurkuku. Dakoro ba ta taɓa rasa masu “na ji an ce” ba, kuma ni na tsani irinsu. Gawa babu, shaida babu. Suwaiba ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Azara kuwa ta hana a yi masa addu’ar mamaci. Duk wanda ya ce mata sai haƙuri, takan dube shi ta ce, “Haƙurin mi? Tahiya ya yi.” Cewa yana da rai shi ne abin da ke tashinta da safe, kuma ba ta da wani abin bayan shi.

To, ga inda na shigo da ƙafar hagu. Kwamfutata tsohuwa ce, wani froje na masu ba da agaji da ya naɗe tabarmarsa ne ya bar ta a baya. Rezon intanet na Dakoro kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Bidiyon minti ɗaya, sai ka yi alwala ka yi salla ka dawo ka iske shi yana ta juyi. Amma a Maraɗi wani abokin karatuna ya nuna mini wata ƙofar baya a jikin na’urar. Baƙin allo ne, babu hoto babu ado, sai ɗan haske yana ƙiftawa yana jiran ka rubuta umarni. Tarminal ake ce masa. Ka rubuta layi ɗaya ka danna, sai zane ya fito yana motsi, kuma duka da haruffa da alamomin kilabiye, wato madannan rubutu, aka yi shi. Akwai jirgin ƙasa mai fitar da hayaƙi, akwai kifaye masu iyo, akwai wani tsuntsu da ba ya gajiya da rawa. Haruffa ba su da nauyi, ko rezonmu yana iya ɗauko su. Wasu mutane ne a ƙasashen da ban sani ba, waɗanda Allah ya hore wa lokaci, suke zama su jera su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma in babu kowa a benci sai in buɗe in yi ta kallo.

A cikinsu akwai wani kamiyo da na sauko da shi na ajiye a na’urar. Yana shigowa ta hagu, tayoyinsa suna juyawa, ya ratsa allon ya fita ta dama, ya sake dawowa. Kayan da ke bayansa an zana su da alamomi iri biyu, ɗaya mai kama da akwatin da aka cire wa gefe ɗaya, ɗaya kuma sanda a tsaye. Ga yadda suke a jere: [[| [| . Na kalli kamiyon nan ya fi sau ɗari, ban taɓa ganin komai a bayansa ba sai kaya.

Sati guda bayan ƙaramar sallar 2023 ne, tsakiyar bazara, shekara ta bakwai da tafiyar Mamani. Na zo da wuri, na buɗe kamiyon ina shan shayi, Azara tana shara a bayan kujerata. Sai na ji tsintsiyar ta tsaya.

“Tsaida shi,” in ji ta.

“Mi, Inna?”

“Motar ga. Tsaida ta.”

Na danna, kamiyon ya tsaya cak a tsakiyar allo. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin, ta ɗora yatsa a kan kayan.

“Wa ya rubuta wanga?”

“Ba rubutu ba ne, Inna, zane ne. Kaya ne bisa mota.”

Ko jina ba ta yi ba. Ta bi alamomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. “Ma. Ma. Na.” Sannan ta ce, “Mamani.” Ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Yatsan ya matsa gaba zuwa biyun da suka rage. “Ma. Na. Aman.”

“Mi ne ne aman?”

“Ruwa.”

Ashe matar da nake wa kallon jahila tana da nata karatun tun ban zo duniya ba. Tifinar ake ce masa, rubutun Buzaye, kakarta ta koya mata a kan yashi tana yarinya. Sanda ɗaya a tsaye ita ce harafin na, akwatin nan mai buɗaɗɗen gefe harafin ma, zobe ra, gicciye ta. Ba a rubuta wasali, mai karatu ne ke sa shi da kansa. Ana iya farawa ta dama ko ta hagu, bakin harafin ma ne ke nuna maka inda za ka bi. Rabin alamomin da ke kan kilabiyena baƙaƙen kakarta ne, ni ina danna su kullum ban sani ba.

Na yi ƙoƙari, Allah shi ne shaida. Na ce, “Inna, wani mutum ne can wata ƙasa ya zana abin ga don wasa. Bai san ki ba, bai san Dakoro ba.”

“To mi ya sa ya ɗora sunan bisa kamiyo? Bai ɗora shi bisa kihin ba, bai ɗora shi bisa jirgin ba.”

Na ce tunda babu wasali ai ana iya karanta shi mumini, na biyun kuma Amina, ko wani abu dabam.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Kai ka iya, ko ni?”

Ni da ke gardama da kowa a kasuwar nan har a gaji a bar ni, ranar na miƙa wuya. Ta ɗauki tsintsiyarta, fuskarta kuwa ta yi wani haske da ban taɓa gani ba. Ta ce, “Shina da rai. Matacce ba ya roƙon ruwa.”

Washegari ta fara. Wanda bai yi bazara a Dakoro ba bai san abin da ake nufi da bido ɗaya na ruwa ba, jarkar nan ta roba. Pampo yana zuwa ne in ya ga dama, layin bido ya kai har bakin titi, rijiyoyinmu kuma sai an ɗaura wa shanu igiya kafin guga ta hau. Azara takan shiga layin tun da asuba, ta cika bido mai lita ashirin da biyar, ta ɗora a ka, ta taka har tashar da motocin arewa ke lodi. Sai ta miƙa wa direba ta ce, “In kunka iske wani bisa hanya, ku ba shi. Dogo ne, da tabo nan ga gira.” Direbobi sukan karɓa su ce to, Inna. Bidon ba ya dawowa, don haka tabarmin da take saƙawa suka koma musayar bido babu komai ciki. Wata rana na ga wani direba yana juye ruwanta a cikin injin motarsa tun ba ta sha kwana ba. Na zage shi tas, sai da aka riƙe ni.

Daga tasha takan zo shagon, zufa ta jiƙe mata zane, ta tsaya a bayan kujerata ta ce, “Buɗa mani.” In rubuta umarnin, kamiyon ya shigo ta hagu, ta karanta. “Bai sha ba tukuna.” Sai ta yi sharar ta tafi. Bayan sati biyu bidon ya zama biyu a rana, ɗaya da safe ɗaya da rana tsaka. Ita kanta kuma ta rage sha. In Suwaiba ta miƙa mata moɗa sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta ce ba za ta ƙoshi ba shi yana can yana kira.

Kada wani ya ce me ya sa ban goge abin ba. Na gwada. Na ce mata na’urar ta lalace, kamiyon ya ɓace. Ba ta yi mini musu ba. Ta zauna a bakin ƙofar shagon cikin rana, tun hantsi har la’asar, masu zuwa buga takarda suna tsallake ta. Da la’asar na buɗe mata.

A sati na biyar ta faɗi a hanyar tasha, daidai kasuwar dabbobi, bidon ya fashe a gefenta. Aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Kwana biyu da sallamarta aka sake ganinta a layin pampo. A ranar ne Suwaiba ta zo ta same ni. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa tako mini shago ba, ko a ranar ma daga bakin ƙofa ta tsaya. Muka gaisa a gajarce.

“Malam Abdul, kai ka buɗa abin ga, kai za ka rufe shi. Inna za ta mutu bisa hanyar tasha.”

“In yi ƙaƙa? Na hwaɗa mata gaskiya ta ƙi ji.”

“Ba kai ka ce haruhwa ne anka jera ba? Canza su. Rubuta mata uban Haula shina lahiya, ta aje bidon ga.”

“Ƙarya ke nan hwa.”

“Wanda ke ciki yanzu gaskiya ne?”

Gaskiya ni ma na gaji da ganin wuyan tsohuwar nan a ƙarƙashin bido. Na rufe shagon na shiga kasuwa wurin Hamma, wani Buzu maƙerin azurfa. Ban gaya masa dalili ba, na dai tambaye shi yadda ake rubuta lafiya da rubutunsu. Ya share ƙasa da tafin hannu ya zana mini sanda biyu, ɗigo huɗu, da zobe. Ya ce, “Alher. In anka tambayi mutum ƙaƙa shike, abin da shika cewa ke nan.” Na kwafe a bayan hannuna da biro.

Zanen kamiyon kashi goma sha biyu ne, na’urar ke bin su da sauri har ido ya ga kamar motsi. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A kowanne na bar sunan yadda yake, na goge aman, na sa || :: O a madadinsa. Na gyara tsawon motar don kada ta karkace. Na kunna na gani, ya tafi sumul kamar haka aka yi shi tun farko. Allah ya yafe mini, har murmushi na yi don na ga aikin ya yi kyau.

Da safe ta zo daga tasha kamar kullum. “Buɗa mani.” Na buɗe. Kamiyon ya shigo, na tsayar mata da shi ba tare da ta roƙa ba. Ta karanta sunan. Yatsanta ya matsa gaba, ya tsaya. Ta daɗe a kansa, ta koma baya ta sake biyowa.

“Alher,” in ji ta a hankali.

“Kin gani, Inna? Ya samu ruwa. Shina lahiya.”

Sai ta zauna a ƙasa. Shekara huɗu tana shiga shagon nan ban taɓa ganin ta zauna a cikinsa ba. Ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.”

“Inna, alher hwa ya ce!”

“Na ji. Wanda ya samu ruwa gida shika zowa, ɗana, ba saƙo shika aikowa ba. Kullum shina kira, kullum shina kira. Yau ya bar kira, kuma bai zo ba. Wane alher ne cikin Tenere in ba wancan ba?”

Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawayen dai suna bin kumatunta suna ɗiga a zane. Ta ce, “Ni na yi jinkiri. Da bido biyu nika kaiwa tun hwarko.”

Nan na ji duniya ta yi mini zafi. Na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, ni na canza shi. Wallahi ni na rubuta jiya da hannuna. Ga shi nan ma bisa hannuna bai goge ba.”

Ta dubi bayan hannuna, ta dube ni da tausayi. “Kai da ba ka san harafin ma daga harafin na ba? Kwahewa ka yi daga allon. Allah shi yi maka albarka, kar ka ɗauki zunubin rantsuwa don ni.” Ta dafa bango ta miƙe, ta fita ba ta yi sharar ba.

Garin neman gira mun rasa ido. Abin da muke so mun samu, domin daga ranar ba ta sake ɗaukar bido ba. Amma da shi ta ajiye komai. Matar da ta yi shekara bakwai tana korar masu ta’aziyya, ita da kanta ta aika wa limamin unguwa ta ce a zo a yi wa ɗanta addu’a. An ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Tawa ta yi, kuma cikin kwana ɗaya.

Ranar addu’ar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan da hantsi, maza a waje, mata a ciki bayan dangar kara. An kawo dabino da gumba a faranti. Na zauna can gefe ina fata a yi a gama ba a lura da ni ba. Limamin tsoho ne mai tsantseni, kafin ya ɗaga hannu sai ya gyara zama ya ce, “Jama’a, ba a sa mace takaba bisa jita-jita. Wa ya kawo labarin ga?”

Daga bayan danga muryar Azara ta fito sarai. “Ga shi nan zamne cikinku. Shagonshi saƙon ya iso.”

Duk aka juyo gare ni. Ta wata kafa a jikin dangar ina hango Suwaiba, ta riga ta cire ƴan kunnenta. Ta dube ni, ba ta roƙe ni ba, ba ta hana ni ba. Na san abin da ke gabana. In na buɗe baki na faɗi yadda aka yi, gobe da asuba tsohuwar nan tana layin pampo, kuma ba za ta ga damina ba, Suwaiba ta koma zaman jiran da ba shi da ranar ƙarewa. In na yi shiru kuma, an binne mutumin da ban san ko yana can yana numfashi ba.

Liman ya ce, “Malam Abdul, ka gani da idonka?”

“Na gani.”

“A rubuce?”

“A rubuce.”

Ya jinjina kai, ya ce dama shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga, ni ma na ɗaga nawa. Ban taɓa jin kunyar Allah irin ta wannan hantsin ba.

Azara ta ga damina, ta ga girbi. Ba ta sake tako shagona ba, ba don fushi ba, duk sanda na je gaishe ta sai ta sa mini albarka, abin da ya fi zagi ciwo a wurina. Tana zaune a inuwar ɗakinta, ga kaba a gabanta, ba ta saƙawa. Suwaiba ta gama takabarta, daga baya ta yi aure a Sabon Maci, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ba mu taɓa tayar da maganar ba ni da ita. Da sanyi ya shigo Azara ta kwanta ciwon kwana uku, ta cika ranar Laraba bayan azahar. Mutanen da suka raka ta ba su da yawa, amma har da direbobi biyu daga tasha.

Bayan sadakar arba’in Suwaiba ta aiko a buga takardar magada da za a kai kotu, saboda ɗan filin da ɗakin yake kai ya zama na Haula. Aikina ne, na buga irinta ba adadi. Na sa sunan mamaciya, na sa inda aka haife ta, na sa ranar rasuwa. Sai na iso layin da ake tambayar ƴaƴan da ta bari da rai. Na daɗe hannuna yana kan kilabiye, har mutumin da ke jira a benci ya tambaye ni ko kuran lantarki ne ya ɗauke. Na ce masa a’a. Sannan na buga: babu ko ɗaya.